Ba jam'iyya, ba siyasa? Muhawarar ƴan fadarmu ta Birni, Damagaram (Nijar)

Shugaban fada: Salamu alaikum. Na shigo da ƙanwarmu Rakiya cikin gurup. Ta yi karatu a Jami'ar André Salifou, yanzu tana aiki da wata ƙungiyar farar hula mai bin kasafin kuɗin komin, wato ƙaramar hukuma. Ita ta ce aikinta siyasa ne.

Habu: Maraba da ƙanwa. Amma wace siyasa? Tun Maris 2025 aka rushe jam'iyyu. Kansilolin da muka zaɓa ma an sauke su a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. Inda ba jam'iyya ba zaɓe, matashi ba shi da abin yi a siyasa. Ki ce kina aikin biro.

Rakiya: Na gode, Yaya Habu. Da jam'iyya ko babu, ana karɓar harajin kasuwa da na tasha, kuma wani ne ke yanke inda kuɗin za su tafi. Aikina in samo takardar kasafin, in karanta, in mayar da ita Hausa a gaban mata da matasan unguwa. Sai mu rubuta buƙata, masu unguwa su sa hannu, mu kai, mu koma mu tambaya, mu sake komawa. Rabin aikin zaman jira ne a bakin ƙofa.

Baba Malam: Habu, ɗana, lokacin da ɗalibai suka fito a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe su, jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar nan, MNSD. Katin wace jam'iyya suka riƙe? Su da ƴan ƙwadago suka tura har aka yi Taron Ƙasa na 1991, kuma ɗan garin nan, André Salifou, ya shugabance shi. Na ga wannan zamani da idona, ina koyarwa a lakwal.

Habu: Allah ya ƙara girma, Baba. To bayan taron fa? Mahamane Ousmane ya zama shugaban ƙasa a 1993 yana da shekara 43, amma jam'iyyar CDS Rahama ce ta ɗauke shi, da ƙawancen jam'iyyu na AFC a zagaye na biyu na zaɓe. Ɗalibai sun buɗe ƙofa, masu jam'iyya suka shiga.

Hajiya Mariya: Ni jam'iyyun nan me suka ba ku, ku matasa? Riga mai hoto da jika ɗaya ta man babur ranar gangami. Mu mata an ce mana kaso 25 cikin 100 na kujerun zaɓe a dokar 2019, amma uban gida ne ke zaɓar sunan da za a sa a jerin ƴan takara. Zaɓe nawa aka yi ana mana alkawarin ruwa? Har yau in bazara ta kama, ƴan ga-ruwa ne ke shayar da mu. Yarinyar da za ta tambayi nawa aka ware wa ruwa ta fi mini ɗan mitin goma.

Habu: Hajiya, na yarda da zancen ruwa. Abin da ke damuna shi ne: magajin gari zaɓaɓɓe yana tsoron ƙuri'ata. Kantoma wanda ya naɗa shi yake tsoro. In ya ƙi karɓar takardar Rakiya, me za ta yi masa?

Rakiya: Ba ni da sandar dukansa, Yaya, wannan gaskiya ne, kuma yana yi mini ciwo. Ni ma ina son zaɓe ya dawo, ina son in tsaya kansila. Amma ranar da ya dawo, ba na son in shiga majalisa ban san bambancin kuɗin gudanarwa da na gine-gine ba, a miƙo mini takarda in ɗaga hannu.

Habu: Har yanzu ni shiri nake kiransa, ba siyasa ba. Yaushe ne zamanku na gaba?

Rakiya: Asabar bayan La'asar, a Garin Malam. Batun magudanar ruwa ne kafin damina.

Habu: Zan zo, amma da tambayoyina.