Birkin bayan Golf 3 ɗina ya cije, in gyara ko in canza?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Golf 3 gare ni, ƙirar 1996, mai birkin faranti a baya. Tayar hagu tana ɗaukar zafi har da ƙauri, motar kuma tana shan mai da yawa. Bakanike ya ce kalifa ce ta cije, wato abin da ke matse farantin birki. An wanke ta, bayan damina ta sake kamawa. Da motar nake kai yara makaranta, hankalina bai kwanta ba. Mece ce mafita?

Oga Sani Bakanike:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka kashe kuɗi, a duba wayar birkin hannu, wani lokaci ita ce ba ta saki. In ba ita ba ce, ruwa ya shiga ta yagaggiyar roba, tsatsa ta kama fistin da ke cikin kalifar. Wannan fistin murɗa shi ake yi ya koma ciki. Yaran gareji da yawa da guduma suke dukansa, nan suke kashe kalifar. Shawarata ka sa kalifar Golf 4, ta alminiyam ce, ta fi jure tsatsa, kuma tana zama a mazaunin taka. Sai dai bakin tiyonsu ya bambanta, ka haɗa da tiyon da ya dace.

Ɗan Zariya:
Haka na yi wa tawa, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo. Don Allah ka canza biyun tare, kada birki ya riƙa jan mota gefe guda.

Oga Sani Bakanike:
Gaskiya ne. A zuba sabon man birki DOT 4, a fitar da iska sosai, ka gwada ta a layinku kafin ka hau titi.

Baban Hanifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Oga, farantin fa? Ya yi shuɗi-shuɗi.