Arrive in ko arrive at? Abin da malaman Turanci suka tsayar a Agege

A zaman da malaman Turanci suka yi da ɗalibai a Agege, an fi daɗewa kan arrive. Matsalar daga Hausa take, domin "a" ɗinmu guda ɗaya ce, Turanci kuwa ya raba ta biyu. Ƙasa ko birni, "in" ake sawa: arrive in Lagos. Wuri takamaimai, kamar tasha, kasuwa ko filin jirgi, at ne: arrive at Mile 12, arrive at the airport. Unguwa irin Obalende tana ɗaukar kowanne. Idan zango ce kawai a hanyar mota, at ya fi dacewa.

Arrive to kuwa kuskure ne a jarrabawa. Tunanin "zuwa" ke jawo shi, alhali wanda ya iso ya gama tafiya. Mai son "to" sai ya koma ga get: get to Apapa.

Reach ba ya buƙatar komai, reach Ikeja kawai, kamar yadda masu Pidgin ke faɗa daidai. Haka home, here da there: a ce got home, ba got to home ba.