Zan haihu a Bronx kuma mahaifiyata ba ta samu biza ba: shin dula za ta iya tsaya mini?

Mai cikin fari, Bronx

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara biyu ke nan ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, kuma cikina na fari ya shiga wata na bakwai. Da a gida nake, da yanzu an fara maganar tafiyata goyon ciki wurin mahaifiyata, inda zan zauna har in yi arba'in. Mun nema mata biza ba a dace ba, maigidana kuma direba ne mai aikin dare. A wurin awo wata ma'aikaciya ta ba ni shawarar in nemi dula, wato mai tsaya wa mace lokacin haihuwa, ta ce akwai ƙungiyoyin da aka kafa domin tsaya wa mata baƙar fata tun daga ciki har bayan haihuwa. Na ji nauyin tsare ta da tambayoyi, shi ya sa na kawo muku. Mene ne bambancin dula da ungozoma, me ya sa ake ware baƙar fata a wannan aiki, kuma nawa ake biya? Ina kuma jin kunyar baƙuwa ta tsaya a kaina ranar naƙuda.

Ma'aikaciyar jinya, Atlanta

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya. A ɗakin haihuwa nake aiki, don haka zan faɗa miki abin da nake gani.

Ungozoma a nan ma'aikaciyar lafiya ce mai lasisi, wadda ke karɓar haihuwa. Dula ba ta duba buɗewar mahaifa, ba ta ba da magani, ba ta yanke shawara a madadinki. Tana zuwa gida kafin haihuwa ku tsara abin da kike so da abin da ba kya so, ranar naƙuda kuma tana tare da ke daga farko har ƙarshe, tana danna miki baya, tana nuna miki yadda za ki ja numfashi, idan likita ya yi bayani cikin sauri ta nemi ya maimaita har ki fahimta. Mu ma'aikatan jinya yawanci bayan awa 12 muke miƙa aiki ga wasu, kuma ba ke kaɗai muke dubawa ba. Wani nazari da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2017, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 26 da mata sama da 15,000, ya nuna cewa macen da ta samu mai zama da ita ba yankewa ta fi haihuwa da kanta ba tare da tiyata ba, kuma naƙudarta ta fi gajarta.

Dalilin ware baƙar fata yana cikin alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata 69.9 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farar fata kuma 26.6. A 2023 adadin ya sauko zuwa 50.3 da 14.5, amma tazarar tana nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ilimi da dukiya ba su kawar da wannan bambanci ba. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams ta ba da labarin yadda a 2017, kwana guda bayan an yi mata tiyatar haihuwa, sai da ta dage kafin a yi hoton da ya nuna gudan jini a huhunta. Shalon Irving, mai binciken cututtuka ce a CDC a nan Atlanta, ta rasu a Janairun 2017 mako uku bayan ta haihu, sanadin hawan jini, bayan ta yi ta kai koken rashin jin daɗin jikinta. Matsalar sau da yawa ita ce ba a saurari mace da wuri ba, kuma a kan gadon asibiti ba wanda zai tambaye ki ko daga Kano kike ko daga Alabama.

Game da kuɗi kin yi sa'ar jiha. Tun Maris 2024 Medicaid ta jihar New York, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, take biyan dula: ziyara har takwas kafin haihuwa ko bayanta, da kuma zaman ranar naƙuda. Hukumar lafiya ta birnin ma tana da shirin dula kyauta tun 2022 ga wasu unguwanni, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Ancient Song da ke Brooklyn, wadda ke wannan aiki tun 2008. Kada ki jira wata na tara, domin ana cika musu da wuri.

Uwar 'ya'ya uku, Harlem

'Yar'uwa, kunyar nan ni ma na ji ta, har na haifi biyu ban nemi kowa ba. A na uku na amince, aka haɗa ni da wata dattijuwa baƙar Amurka. Tun ziyarar farko na gaya mata ina son a rufe mini jiki gwargwadon iko, ina son mace ta duba ni idan akwai, kuma ina son a bar maigidana ya yi wa jariri kiran salla a kunne. Ta rubuta duka, ranar haihuwa ita ta riƙa tuna wa ma'aikata cikin ladabi.

Amma inda na ga amfaninta na gaske shi ne bayan an sallame ni. A kwana na shida, ana ta shirin suna, kaina yana sarawa, ƙafafuna sun kumbura, ina ganin walƙiya a idona, kowa yana cewa gajiya ce. Da ta zo ta ji bayanina, ta ce ita ba likita ba ce amma ba za ta bar gidan ba sai mun tafi asibiti. Aka auna jinina ya haura 160, aka kwantar da ni kwana biyu. An yi suna ina kwance a asibiti, ban kuma yi nadama ba. Ki ajiye yawancin ziyarorinki takwas ɗin nan domin lokacin jego.

Hajiya, Chicago

'Yata, ban ƙi shawarar da aka ba ki ba, sai dai ina so ki san iyakar abin. Dula za ta zo awa ɗaya ko biyu ta tafi, jego kuwa kwana arba'in ne, dare da rana. Wa zai dama miki kunu, wa zai riƙe jariri ki samu barci, wa zai yi wanki? Wannan nauyi a kanmu yake, mu matan da muka riga ku zuwa ƙasar nan, kuma abin kunya ne a ce yarinya ta haihu tana kuka ita kaɗai a ɗaki alhali muna haɗuwa a masallaci kowace Juma'a. Ki sanar da shugabar mata ta masallacinku tun yanzu, a raba kwanaki, kowace ta san ranarta. Maigidanki kuma ya bincika, domin idan ma'aikacin kamfani ne ba mai zaman kansa ba, dokar New York ta ba shi hutu har mako 12 da kashi 67 cikin ɗari na albashinsa. Ki kuma fara neman gurbi a gidan raino tun kafin ki haihu idan za ki koma aiki, saboda layin yana da tsawo. Wankan jego da kunun kanwa ma kada ki yar da su.

Ma'aikaciyar jinya, Atlanta

Hajiya, Allah ya saka da alheri, maganar raba kwanaki ita ce ginshiƙi. Binciken CDC na shekarun 2017 zuwa 2019 ya nuna cewa fiye da rabin mace-macen mata sanadin ciki ko haihuwa suna faruwa ne daga mako guda zuwa shekara guda bayan haihuwa, wato lokacin da mace take gida. Sai dai ina neman afuwa a kan kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da shan kanwa da kuma zafi mai tsanani, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta yi wanka da ruwan ɗumi, idan kuma tiyata aka yi mata ta bi umarnin likita kan wurin ɗinkin. Ƙanwata, ki sayi na'urar awon jini ta gida. Idan ya kai 140 bisa 90 ki kira likita, idan ya kai 160 bisa 110, ko numfashi ya yi miki wuya, ko jini ya jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ki tafi asibiti nan take, ki ce musu kin haihu kwanan nan.

Mai cikin fari, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira lambar da ke bayan katin inshorata, sun turo mini sunayen dula uku, kuma zan gana da ta farko ranar Talata. Na yi magana da matar limaminmu, ta ce za ta tara mata bayan sallar Juma'a. Mahaifiyata ma na karanta mata amsoshinku ta waya, ta amince in guji kanwa, ta ce in aiko mata da lambar dular idan mun daidaita domin ta gaishe ta da kanta.