Gobarar tsibirai da batun ciyawar da aka ce ta Afirka ce

Malam Issa: Jama'a, sau uku ke nan ina kawo maganar wutar daji a wannan zaure, babu wanda ya tanka mini. A watan Agusta na 2023 wuta ta cinye garin Lahaina da ke tsibirin Maui na jihar Hawai a Amurka, mutane wajen ɗari suka mutu, kuma abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne busasshiyar ciyawar Afirka da aka kai can domin kiwo, wadda ta mamaye tsofaffin gonakin rake. Idan tsibiri ya ƙone, ruwan farko yakan kwashe toka da ƙasar sama daga gangaren duwatsu ya zuba a teku, ba ta kuma dawowa.

Hajiya Balki: Malam, da girmanka ka ce "ciyawar Afirka"? Ita ta hau jirgi ta kai kanta? Wayar lantarki ce ta faɗi ta kunna wutar, iska ta hura ta, amma laifin sai a kawo shi ƙofarmu.

Malam Issa: Hajiya, asalinta na faɗa, ban ɗora wa kowa laifi ba.

Alhaji Oumarou: Ni abin da ya dame ni shi ne "domin kiwo". Kullum aka yi gobara, ko a Dakoro ko a Amurka, makiyayi ake nunawa, alhali shi ne ke rasa abincin dabbobinsa na rani.

Laouali: Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma manomi ma ba ya kunna wa kansa wuta. Kuma ai toka taki ce. A tsibirin Tenerife na ƙasar Spain ma, a cikin wancan watan na Agustan 2023 aka yi gobara, itatuwan can kuwa sukan sake toho daga jikin kututturen da ya ƙone.

Alhaji Oumarou: Yaro, ka taɓa zuwa dajin Gadabeji bayan wuta ta wuce? Je ka ga ƙasa tsirara, iska na kwasarta, sannan ka zo ka koya mini taki.

Hajiya Balki: Har yanzu Malam bai janye kalmarsa ba.

Shugaban zaure: To, a taƙaice, an fahimci cewa makiyaya ba su da hannu a ciki, kamar yadda Alhaji ya bayyana da hujja. Batun ƙasar tsibiri kuma, Malam Issa ya sake kawo shi wani lokaci.