Zan kawo sabon bunsuru cikin awakina, wane gwaji ake yi kafin barbara?

Hajiya ta Aboabo:
Assalamu alaikum masu kiwo. Ina da awaki mata shida a bayan gida nan Aboabo, duk gajerun nan ne na ƙasar Asante, kuma da su nake biyan kuɗin makarantar jikokina. Bunsurun da ke cikinsu haifaffen gida ne, yana hawan uwarsa da 'yan'uwansa, 'ya'yan kullum sai ƙara ƙanƙancewa suke. Na ƙudura zan sayi dogon bunsuru irin na arewa a kasuwar dabbobi ta Kaase. Abin da ya tsayar da ni shi ne, bara maƙwabciyata ta aro bunsuru, ciki na kai wata huɗu awakinta biyu suka yi ɓari, ta uku ta haifi ɗa bai kwana ba. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce leda suka ci. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ɗana ya ce ana ɗibar jinin dabba a auna kamar na mutum. Ana yi a nan Kumasi? Wace cuta ake nema? Bunsurun kaɗai za a auna ko har da matan?

Tsohon dillali, Sawaba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a kai ga jini, ido da hannu suna da nasu aikin. Ki je da sassafe, ki tafi da wanda ya san dabba. A duba hanci da ido, in da majina ko kwantsa a wuce shi. A ɗaga wutsiya a ga ko zawo ya bushe a wurin. A buɗe baki a duba dasashi, kada a samu gyambo ko wari. A shafa ƙarƙashin kunne da muƙamuƙi da gaban kafaɗa, ko da ƙulli. A kama 'ya'yan marainansa, su zama daidai da juna, ba kumburi ba zafi. A ja fatar ido ta ƙasa, in ta yi fari tsutsar ciki ta shanye masa jini. Kuma kada ki sayi wanda aka sauke daga mota ranar, dabbar da ta sha hanya tun daga Paga ko Bawku sai ta kwana biyu halinta ke fitowa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Asawase:
Mama, sannu da ƙoƙari. Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, a bi shi. Sai dai cutar da kike tsoro ba ta fitowa a fuska. Abin da ya samu maƙwabciyarki ya yi kama da bakkale, wadda muke kira burusela, ko da yake akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke jawo ɓari a ƙarshen ciki, sai awo ke rarrabewa. Dabba na iya ɗauke da ita tana ƙiba, gashinta na sheƙi. Tana yaɗuwa ta ruwan haihuwa da mabiyiya da ɗan da aka ɓarar, sauran awaki su lasa ko su ci abincin da ya gurɓata, bunsuru kuma ya kwashe ta gida-gida.

Ana aunawa. Ki je ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ko ki tambaya a makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST. Jini kaɗan ake ɗiba a jijiyar wuya, gwajin farko sunansa Rose Bengal, ba ya ɗaukar lokaci. In ya nuna akwai, a sake tabbatarwa da wani gwajin kafin a yanke hukunci. In bai nuna ba, a maimaita bayan wata guda, domin dabbar da ta kamu kwanan nan jininta bai riga ya nuna ba. Har matan za a auna, Mama, musamman in suna fita kiwo su gauraya da na unguwa, kada ki kai lafiyayyen bunsuru cikin cuta. Wanda aka tabbatar yana da ita ba a ajiye shi don barbara, allura ba ta raba dabba da bakkale.

Ta biyu ita ce PPR, annobar da ke zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, ta share garke cikin mako biyu, gajerun awakinmu kuma sun fi kowa jin jikinta. Ita riga-kafi ake yi mata, allura ɗaya tana tsare dabba shekara uku ko fiye, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a kawar da ita. A yi wa naki tun kafin baƙon ya iso. Shi kuma a ɗaure shi a turke daban kwana 30, kwanon ruwansa daban, na dusa daban, domin cutar na iya ɓoyewa har kwana 21. A cikin watan ne za a kai kashinsa a duba ƙwan tsutsa, a ba shi magani, a cire masa kaska.

Ƙullin da Baba ya ambata kada a raina shi. In ya fashe, mugunyarsa mai kauri ce, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa da jikin katakon garke.

Maman 'yan biyu, Moshi Zango:
Hajiya ni wani abu zan ƙara. Dogon bunsuru a kan gajeriyar akuya, musamman mai cikin fari, ɗan kan yi girma haihuwa ta zo da gardama. Kuma na arewa ba su jure damunar Kumasi, tsutsa da sanyi na kayar da su. Da ni ce, zan nemi ƙosasshen bunsuru irin namu daga wani jinin daban, a tambaya a gonar gwamnati ta kiwon awaki da ke Kintampo. In dai dogon kike so, ki haɗa shi da manyan da suka taɓa haihuwa kawai.

Hajiya ta Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗana na Asawase, wata tambaya: jikokina ne ke share garken, wani lokaci har su tatsi nono su sha. Akwai matsala?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Asawase:
Akwai, Mama, bakkale na kama mutum. Zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, sau da yawa a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi. Nono sai an tafasa. In akuya ta haihu ko ta yi ɓari, babba ne zai kwashe, da safar hannu ko leda a hannu, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, mai ciki kuma kada ta matso wurin. Ki gaya wa maƙwabciyarki ta kai nata a auna, in kuma wani a gidanta na fama da irin wannan zazzaɓin, ya shaida wa likita cewa awakinsu sun yi ɓari.