Tambaya: Waɗanne ƙungiyoyi Ginger Baker ya yi wa kiɗa kafin Cream, kuma ina ya samo salonsa?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu da suka san tarihin kiɗa a wannan zaure. Duk wanda ya bi labarin Fela Kuti zai ci karo da sunan Ginger Baker, Baturen Ingila mai kaɗa ganguna, wanda ya zauna a nan Legas a farkon shekarun 1970 har ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. Na san cewa a ƙungiyar Cream ya yi suna tare da Eric Clapton da Jack Bruce, amma yawancin masu ba da labarinsa daga 1966 suke farawa, sai ka ce a shekarar aka haife shi. Su wa ya yi wa kiɗa kafin nan, a hannun wa ya koya, kuma me ya jawo makaɗin rok da ya riga ya sami duniya zuwa Nijeriya jim kaɗan bayan yaƙin basasa?

Baban Obalende:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, shi kansa mutumin bai yarda a kira shi makaɗin rok ba, domin har ya rasu a watan Oktoba na 2019 yana nanata cewa shi makaɗin jaz ne. An haife shi a 1939 a unguwar Lewisham da ke kudancin Landan, mahaifinsa magini ne da ya mutu a yaƙin duniya na biyu a 1943, kuma yana yaro burinsa shi ne ya zama ɗan tseren keke. Sai a tsakiyar shekarun 1950 ya kama ganguna. A lokacin abin da ake yayi a Ingila shi ne tsohon jaz irin na birnin New Orleans, saboda haka a irin waɗannan ƙungiyoyi ya fara samun abin sakawa a bakin salati, ciki har da ta Acker Bilk da ta Terry Lightfoot, yana kwaikwayon hannun Baby Dodds daga faifan garmaho. Daga baya kunnensa ya koma kan Max Roach da Art Blakey da Elvin Jones, waɗanda duk baƙaƙen fatar Amurka ne.

Amma wanda ya sauya masa alƙibla shi ne Phil Seamen, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin makaɗan jaz na Ingila a wancan zamani. Baker ya sha ba da labarin yadda Seamen ya kai shi gidansa cikin dare ya kunna masa fayafayan kiɗan gargajiya na Afirka, yana nuna masa yadda bugu uku ke tafiya a kan bugu biyu ba tare da ɗaya ya tare wa ɗaya hanya ba. Mu da muka taso muna jin kalangu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma ga saurayin da ya saba ƙirga huɗu-huɗu, sabuwar duniya ce aka buɗe masa. Ya riƙe Seamen tamkar uba, har ya saka shi a ƙungiyarsa ta Air Force a 1970. Abin baƙin ciki kawai shi ne dukansu biyu sun yi fama da miyagun ƙwayoyi, kuma Seamen ya mutu a 1972 bai kai shekara hamsin ba.

'Yar Idi-Araba:

Baba ya kawo tushe, ni kuma zan ɗora daga 1962, domin a ganina shekaru huɗun da suka biyo baya su suka ƙera mutumin. A shekarar ne ya shiga Blues Incorporated ta Alexis Korner, inda ya gaji kujerar Charlie Watts, wanda ba da daɗewa ba ya koma Rolling Stones. A 1963 shi da Jack Bruce da Graham Bond suka ɓalle suka kafa tasu, wadda ta zama Graham Bond Organisation. John McLaughlin ya kaɗa musu jita na ɗan lokaci, sannan Dick Heckstall-Smith mai busa ya maye gurbinsa. Sun fitar da kundi biyu a 1965, kuma ko da yake ba su yi kasuwa ba, sauran makaɗa sun san abin da ake yi, domin ba kasafai ake samun 'yan jaz suna kaɗa kiɗan bulus (blues) da irin wannan ƙarfi ba. Yawo suke yi daga wannan gari zuwa wancan kusan kullum, kuma a wannan yawo ne Baker ya saba da doguwar kaɗawa shi kaɗai a tsakiyar wasa, abin da aka san shi da shi daga baya a Cream. Lamarin ya yi kama da na ɗan amshi a wurin makaɗanmu na Hausa, wanda zai shekara da shekaru a bayan ubangidansa kafin a ji muryarsa ita kaɗai.

A wannan ƙungiya ce kuma gabarsa da Jack Bruce ta samo asali. Sun yi faɗa har a gaban 'yan kallo, kuma Baker ne ya kori Bruce a 1965. Da ya je wa Clapton da shawarar kafa sabuwar ƙungiya a 1966, sharaɗin da Clapton ya gindaya shi ne dole Bruce ya kasance a ciki. Baker ya haɗiye fushinsa ya amince, amma wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin rushewar Cream a 1968 ba, bayan shekara biyu kacal.

Malamin Mile 12:

Ban ƙi abin da Baba da Hajiya suka faɗa ba, sai dai ina ganin a yi hattara da zuzuta tasirin Afirka a kiɗansa na farko. Sauraron faifai a ɗaki a Landan daban, zama a cikin masu abin daban. Abin da ya ɗauka a lokacin shi ne dogaro da manyan ganguna maimakon farantan ƙarfe, da kuma sarƙa bugu a kan bugu, amma hannunsa ya kasance mai nauyi da ƙara. Idan ka saurari wasan da suka yi da Tony Allen, mai kaɗa wa Fela ganguna, a birnin Balin na Jamus a 1978 za ka ji bambancin, domin Allen yana taɓa ganga a hankali kamar ba ya so, amma shi ne ke riƙe da rawar. Hatta amfani da manyan gangunan ƙafa guda biyu da ya yi suna da shi, daga jaz ya samo, bayan ya ga Sam Woodyard na ƙungiyar Duke Ellington, kuma Louie Bellson ya riga su duka.

Game da zuwansa Legas kuwa, ba a nan ya fara sanin Fela ba. Fela ya tafi karatun kiɗa a Trinity College da ke Landan a 1958, ya dawo gida a 1963, kuma a tsakanin nan ne suka san juna a wuraren kiɗan dare na birnin. Remi Kabaka ma, makaɗi ɗan Nijeriya, ya kasance cikin ƙungiyar Baker ta Air Force. Saboda haka lokacin da Baker ya ratsa Sahara a mota a 1971, wurin tsofaffin abokai ya zo.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Malam. Saura tambaya ɗaya: shin makaɗan Legas sun ƙaru da shi, ko kuwa shi kaɗai ya kwashi rabonsa ya tafi?

Baban Obalende:

Sun ƙaru, ɗana, ko da yake ba ta hanyar da shi ya yi zato ba. Ɗakin ɗaukar sautin da ya buɗe a Ikeja a 1973 bai daɗe ba, kuma ko da Paul McCartney ya zo Legas a wannan shekara, yawancin aikinsa a ɗakin EMI na Apapa ya yi shi. Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne ƙungiyar Salt da ya haɗa da matasan nan ya kai su yawon wasa ƙasashen waje, cikinsu har da Joni Haastrup da tagwayen mawaƙan nan mata, Lijadu. Biyu daga cikin yaran, wato Berkley Jones da Laolu Akins, su ne suka dawo suka kafa BLO tare da Mike Odumosu, wadda ke cikin ƙungiyoyin rok na farko da suka yi tashe a Nijeriya. Shi kuma abin da ya tafi da shi daga nan, ban da kiɗa, shi ne wasan ƙwallon dawaki, wanda ya koya a ƙasar nan kuma ya ci masa dukiya mai yawa har tsufansa.