Tsofaffinmu da ranar dangwale

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Baba ya haura tamanin, gwiwa ta ƙi, ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi. Amma ranar zaɓen Gana, 7 ga Disamba 2024, tun kafin asuba ya sa babbar riga ya ce in nemo masa pragya, wato keke mai ƙafa uku. Na ce, "Baba, ƙuri'a ɗaya me za ta canza?" Na kai shi dai, amma bai sake kula ni ba har la'asar. Ku ma haka naku suke?

Hajiya ta Asawase: Jikata ce ke rubuta mini. Ɗana, ka taɓa masa tsohon miki. A Nuwamba 1969, wata uku kacal bayan zaɓe, gwamnatin Firayim Minista Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ina amarya lokacin. Maƙwabtanmu, waɗanda a nan Kumasi aka binne cibiyarsu, suka karyar da kayansu suka hau manyan motoci suna kuka. Har yau ban san inda ƙawata ta ƙare ba. Mu da muka rage, ko kasuwa muka shiga ana mana kallon baƙi. Katin zaɓena a cikin jakar tasbahata yake kwana. Duk ranar da jami'i ya duba rajista ya kira sunana, shaida ce cewa ni 'yar ƙasa ce.

Malam na Sawaba: Gaskiya ne, Hajiya. Ni na zaɓi Liman a 1979, soja suka kifar da shi ƙarshen 1981, ban sake zaɓen shugaban ƙasa ba sai 1992. Batun ƙuri'a ɗaya kuwa, tuna 2008: tazarar Atta Mills da Akufo-Addo kusan 40,000 ce, duk Gana ta zuba wa mazaɓar Tain ido, don ita ce ta ƙarshe da ta kaɗa ƙuri'a.

Uwar Biyu: A yi mini afuwa, iyayena. Sau huɗu ina dangwalawa, kwatar layinmu tana nan yadda take, damina ta zo ruwa har ɗaki. Na gaji.

Hajiya ta Asawase: 'Yata, ni ma kwatar ce a ƙofata. Da suka zo neman ƙuri'a na nuna musu ita, kuma sun san ina da kati, shi ya sa suka tsaya suka ji.

Tela: Tawa kakar a 2012 na'ura ta ƙi karanta yatsanta, wanki da murhun koko sun cinye zanen. Aka goge, aka sake, shiru. Da yake an ƙara yini a wasu rumfuna, ta koma washegari da kujerarta, ya kama. Tana nuna mana tawada tana cewa "kokromoti", wato babban yatsa, da Asantancinta mai ban dariya.

Ɗan Aboabo: Na karanta wa Baba. Ya ce a gaida Hajiya, wai wane layi gidansu yake a 1969? Shi ma ƙaninsa a motocin nan ya tafi.